Na Samo Fassarar Faifan, Malam Ilu

Zuwa ga taubashina, Malam Ilu Ladan, duk inda jaridar nan ta riske ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta waɗanda kake zaune da su, in ka samu na zama. Mu a Tudun Wada lafiya lau, sai kewa. Gero ya yi, gyaɗa ta yi, dawa ce dai ruwa ya ɗauke mata da wuri.

Na miƙa wa edita takardar nan ne domin ban san inda zan aika ta ba. Wani direba ya ce ya gan ka a Jos. Wani mai goro ya rantse mini a Gusau kake. Wata tsohuwa kuma ta ce ka bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Na san mutane da yawa za su karanta kafin ta zo hannunka. Ba komai, ni ɗan kasuwa ne, na saba yin ciniki ana kallo.

Bari in fara da albishir. Garinmu ya ci gaba a fagen ilimi tun bayan tafiyarka. Yau a Tudun Wada ba ka samun wanda bai iya Latin ba. Harshen da Turawa da kansu suka daina magana da shi tun zamanin kakannin kakanninsu, wanda sai manyan malamansu ke fasa shi da ƙyar, mu nan mai daddawa ta iya, wanzami ya iya, mai gyaran tukunya ma yana da nasa ra'ayin a kan nahawunsa. Ba su sayi littafi ba, ba su zauna gaban kowa ba. Sau ɗaya suka ji shi a faifai, ranar kasuwa, suka fassara, suka yanke hukunci, suka koma cin rogo. Gari irin wannan ai sai a yi masa kirari. Shehin da ya karantar da su kuwa ka san shi. Shi ne ke riƙe da alƙalamin nan.

Ka san labarin, amma zan maimaita shi, don akwai ƙarshensa da ba ka ji ba.

Ka tuna Baturen kuza na Riruwai da zai koma gida, ya baje kayansa a tsakar gida yana sayarwa. Na je don buta da kujera, na dawo da garmaho a ka. Faya-fayan rawa ne mafi yawa, sai wasu huɗu a jaka guda mai ruwan ƙasa. Kukunsa ya ce mini waɗannan na Latin ne, maigidan yakan sa su in ya gaji. Abin da na sani ke nan game da su, kuma da na tsaya a nan da yanzu kana gida.

Bayan la'asar muka sa na farko a zaurena. Ni dariya na yi, na ce kamar gobara ta kama kasuwa, maza na ihu, mata na ihu, ana buga tukwane. Kai kuwa ka kasa kunne. Da ya ƙare ka ce in sake murza hannun garmahon, in yi masa wani. Na sake. Ka ce in sake. A kwana tara ka cinye mini allurai kaf, sai ga ka da ƙayar aduwa ka fiƙe ta da wuƙa, ka ce mu gwada. Ta yi kuwa, har ta fi allurar Bature taushin murya, sai dai kowane gefe sai an canza ta.

Na tambaye ka me kake ji a hayaniyar mutanen da ba ka san abin da suke faɗa ba. Ban manta amsarka ba. Ka ce, "Ba maganarsu nake saurare ba, Garba. Yadda suke ba juna hanya nake saurare."

Sai da ka nuna mini sannan na ji. Mu a wurinmu mutum ɗaya ke jan baƙi, saura su yi amshi, kowa a kan turba guda. Su kuwa wasu na can ƙasa kamar daga cikin rijiya, wasu na sama kamar shirwa, wasu na tsakiya suna saƙa, kowa da hanyarsa, amma a bakin ƙofa ɗaya suke haɗuwa, lokaci guda, ba wanda ya taka ƙafar wani. Ka ce kalmomin ma daga ji tsofaffi ne, sautin ne sabo, kamar an ɗinka wa dattijo riga.

Daga nan ka ɗauko gafakar kakanmu, Malam Bawa, mai ɗauke da waƙoƙin begen da ya rubuta da ajami. Tun rasuwarsa ba wanda ya rera su, don karinsu ya tafi tare da shi, takardun kawai suka rage. Ka ce tunda an yi wa tsofaffin kalmomin Turawa sabon sauti, na Malam Bawa ba su fi su laifi ba.

Ka samo Ɗanjuma mahauci, mai muryar nan da in ya yi gyaran murya karnuka kan tashi. Ka samo Buba, Bafulatanin Burumburum, wanda ke kiran shanunsa daga wannan tudu su ji a wancan. Kai ka ɗauki jan baitin. Ni ka ba ni tsakiya, ka ce muryata ba daɗi amma ba ta ɓata hanya, kamar jakin fatake. Na ce na gode, ladanin da ke tayar da kaji kafin mutane.

Wata biyu muna abu ɗaya a gindin tsamiyar bayan maƙera. Ɗanjuma ya riƙa hawowa wurin Buba, Buba ya riƙa gudu ya bar mu, ni kuma in bi duk wanda ya fi ƙarfi. Sai wata Laraba, ana shirin hadari, abin ya zauna. Baiti ɗaya ne, wanda kaka ke cewa zuciyarsa ta riga ƙafarsa isa Madina. Muka shiga ta ƙofa huɗu muka fita ta ɗaya. Matan gidan maƙera suka tsayar da daka. Buba ya juya mana baya, ya ce wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Kai kuwa ka zauna a kan saiwa, ka dafe gafakar da hannu biyu, ka kasa ce mana mu sake.

Na yi ciniki a kasuwa bakwai, Ilu, na sayar da abin da ba shi da kyau na sa an gode mini. Ban taɓa riƙe abu mai kyau na gaske ba sai ranar nan. Kwana huɗu bayanta na yar da shi.

Ranar kasuwa ce. Na kai garmaho rumfata don ya tara mini jama'a, atamfa ta yi kwantai. Ya tara kuwa, har ana taka tabarmar maƙwabcina. Faifai na uku ne a kai, wurin nan da suke sauri kamar ana korarsu, suna ta "bibi, bibi, bibi". Sai wani baƙo daga Bebeji, mai ƙaton rawani, ya ce mini, kai da aka ce ka yi boko, me suke cewa?

Ka san ni. Shekara huɗu na yi a elementare. Ni ke karanta wa mutane wasiƙa, ni ke gaya musu abin da ke jikin kwalbar magani, wani lokaci har abin da babu a jikinta. Mutum ɗari na kallona, a ce in buɗe baki in ce ban sani ba? Na ce, "Ai wannan Hausa ce, ba ka ji ba? Bi, bi, suke cewa. Kira suke a bi addininsu."

Aka yi dariya. Da dariyar ta mutu a nan, da shi ke nan. Sai ga ka tafe da gafaka a rataye, za ka wurin Ɗanjuma. Bakina ya riga hankalina, na nuna ka na ce ga babban mabiyinsu nan, kullum sai ya zo ɗaukar darasi. Ka yi murmushi, ka jefe ni da ɓawon gyaɗa, ka ce Allah Ya shirya maƙaryacin gidanmu, ka wuce.

Me na yi wanda ban saba yi ba? Tun muna yawo ba wando nake zolayarka kana ramawa. Na ce maka ɓarawon kaji a gaban surukanka, ka ce mini mai auna hatsi da tsagaggen mudu a gaban dagaci, ba wanda ya ɗaga kai. Ɗan mace da ɗan namiji, wa zai shiga tsakaninsu? Abin da na manta shi ne ranar kasuwa rabin jama'a baƙi ne. Mutumin Bebeji bai san uwarka ƙanwar ubana ba ce. Shi dai ya ji ɗan boko ya fassara, ya nuna ladan, ladan kuma bai musa ba, murmushi ma ya yi.

Maganar ta hau jaki ta tafi Kiru, ta kwana a Ɗansoshiya, ta dawo mana bayan mako biyu ta yi ƙiba har ban gane ta ba. Wai ladanin Tudun Wada na koyon waƙar coci, wai ya ɗora begen Manzo a kan karinta, wai an ga Bature ya ba shi littafi. Waɗanda suka yi dariya a rumfata su ne suka fara cewa dama sun lura.

Ɗanjuma ya fara janyewa, kuma ban ga laifinsa ba, don mata sun soma aikowa a tambaya wa ya yi yankan. Buba ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Doguwa tun ciyawa ba ta ƙare ba. Liman, Allah Ya ba shi lada, bai tuhume ka da komai ba. Ce maka ya yi ka huta wa maƙogwaronka kwana biyu, wani ya riƙe kiran. Kwana biyun ba su ƙare ba har yau. Na gan ka ranar da wani ya kira azahar, kana sahun baya, kana amsa kiran a hankali kamar kowa, kai da ka shekara goma sha ɗaya ana amsa maka.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na tsaya a ƙofar masallaci na ce wasan taubashi ne. Suka ce to wa ya fi taubashi sanin abin da ake yi a zaure? Na ce ƙarya na yi. Sai wani dattijo ya ce, to madalla, in ba haka suke cewa ba, me suke cewa? Kana tsaye a gefe. Kalma uku kawai ake nema a bakina, ban sani ba, kuma ko a ranar sai da na ce, ai abin yana da zurfi, sai na bincika. Ka dube ni sau ɗaya. Ban ga fushi ba, da na ga fushi da na fi samun barci.

Da aka gama girbi ka tafi. Ba ka yi mini sallama ba. Gafakar ka bar wa Gwaggo, mahaifiyarka.

Damina biyu ke nan. Gwaggo Hansai tana nan, amma idonta ya tafi, ƙafa ma ta soma ƙi. Duk Juma'a nakan je gaishe ta. Takan amsa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta sa a kawo mini ruwa. Ba ta taɓa zagina ba. In na tashi tafiya sai ta ce, "Garba, ka samo fassarar?" Shi ke nan. Kowace Juma'a. Ta gaya wa matata cewa ita ba ta roƙon ganinka tunda ido ya ƙi, so take ta sake jin ka kira salla ko sau ɗaya, kuma ta san ba za ka dawo garin da ake kallonka da wannan suna ba.

Tun daga nan ban zauna ba. Rumfa ta koma hannun maƙwabci rabin mako. Na ɗauki garmaho da faifai na uku na bi duk wanda aka ce ya yi karatu. Malamin makaranta a Kiru ya ce ba Turanci ba ne. Malamin asibiti ya ce ya ga irin kalmomin a jikin kwalabe amma ba a rera su. Wani akawu ya saurara ya gyaɗa kai, ya ce waƙar yabon Sarauniyar Turawa ce, ya fassara mini baiti uku ba ko tuntuɓe. Na dube shi, na ga kaina, na naɗe kayana. In mota ta tsaya a Kwanar Dangora sai in tsinci kaina ina leƙa fuskokin fasinja, in ban gan ka ba in koma neman mai tabarau ko mai alƙalami a aljihu.

Yau kwana goma sha uku, motar wani Fada, Bature limamin coci, ta tsaya a Kwana, lagireto na tafasa. Dattijo ne, farar riga har ƙasa, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Na kawo masa ruwa garwa guda, na ce kafin inji ya huce ina da tambaya. Na fiƙe ƙaya, na yi wa garmaho wani a gindin bishiya.

Ilu, mutumin nan ya saurara kaɗan, sai kunnuwansa suka yi ja. Sai ya fara dariya. Ya yi dariya har ya dafa mota, har ya cire tabarau yana share ido da hannun riga. Na ce Fada, addu'arku ce ke ba ka dariya haka? Ya ce in ya kuskura ya sa wannan a cocinsa, babbansu zai sa shi a jirgi ya mai da shi gida.

Ga abin da ya gaya mini, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Ya ce baitocin sun yi shekaru ɗaruruwa. Ɗaliban ilimin addini ne suka rubuta su, irin waɗanda suka girma a karatu, suna yawo gari gari daga wannan malami zuwa wancan, aljihu ba nauyi, baki ba linzami. An tsinci takardunsu a wani tsohon gidan ibada, sai wani mutumin zamanin nan, wanda ma yake raye har yanzu, ya yi musu sabon sauti ya tara mawaƙa suka rera. Na ce ashe gardawa ne. Ya tambayi ma'anar gardi, na gaya masa, ya ce su ne, ba ko shakka. Ka san namu ma suna da waƙoƙin da ba sa yi in malam na kusa.

Ya ce wasu baitocin a kan tsirowar ciyawa ne bayan sanyi, wasu a kan 'yan mata, wasu a kan yadda sa'a ke ɗaga mutum ta kuma kayar da shi. Na ce to wannan "bibi" fa, wa ake cewa a bi? Ya ce ba kowa. Kalmar a harshensu sha take nufi. Kuma ba ruwa ba, ba kunu ba. Faifai na uku tun daga farkonsa har ƙarshensa waƙar mashaya ce a gidan giya.

Ya zuba ruwa a motarsa, ya sa mini albarka irin tasu, ya tafi yana dariya. Ni na zauna a gindin bishiyar har inuwa ta bar ni.

To ka ji. Ba ka bi kowa ba, ba wanda ma ya kira ka. Shaidar da na yi damina biyu ina nema ta zo hannuna, kuma na kasa kai ta ko'ina. Juma'a biyu ina zuwa ƙofar Gwaggo ina juyawa. In na shiga za ta tambaya, ni kuma yanzu na sani.

Kada ka ɗauka ban ga hanyar dillalai ba. Ina iya tsayawa a ƙofar masallaci in ce Fada ya tabbatar waƙar damina ce, ciyawa da furanni, in yi shiru a kan saura. Ba ƙarya ba ce, faifai na ɗaya haka yake. Na sayar da saniya mai tari ta hanyar yabon ƙahonta, wannan ba zai gagare ni ba. Na shirya jawabin ma, na gwada shi a kan hanyar Ɗansoshiya, ya yi daɗi ƙwarai. Daɗin nasa ne ya tsorata ni. Da irin wannan daɗin na kore ka. Na fassara ka sau ɗaya ba da izininka ba, ɗan Gwaggo, ba zan sake ba, ko da fassarar alheri ce.

Wani lokaci in ina tafiya ni kaɗai nakan gwada layina na tsakiya a baitin Madina. Ba ya zama waƙa. In babu kai a gaba, babu Buba a sama, babu Ɗanjuma a ƙasa, sai ka ji kamar mutum na gunaguni a kan an taɓa masa kaya. Ɗanjuma ma yana yin nasa in yana sara ƙashi, can ƙasa ƙasa, yana zaton ba mai ji. Na ji shi makon jiya, ya ga na ji, muka gaisa a kan tsadar gishiri. Karin da ka yi wa kalmomin kaka yana nan a rabe a bakin mutum uku, kowa na ɓoye kasonsa kamar kayan sata. Kai kaɗai ka san yadda ake haɗa shi.

Ban ce ka yafe mini ba. Wannan sai ka zo ka dube ni tukuna. Ka zo ka zage ni a tsakiyar kasuwa, ka kira ni duk sunan da ka ga dama, wannan karon zan bi baƙi ɗaya ɗaya in gaya musu dangantakarmu kafin su tafi da maganar. Amma ka yi sauri. Gwaggo ta daina cin tuwo sai kunu.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya ba ka maƙwabta masu tambaya kafin su yanke hukunci. Allah Ya bar maka muryarka. Ya ara wa Gwaggo kwana har ta ji ta. Ya jiƙan Malam Bawa, Ya sa begensa ya cece shi. Ni kuma Allah Ya koya wa harshena cewa ban sani ba, tun kafin a tambaye ni a inda ba a zolaya.

Naka, mai laifi a wurinka,
Garba Dillali, Tudun Wada.

Ka aiko da amsa ta hannun kowane direba mai bi ta Kwana, duk sun san ni. Sunanka ne, kai za ka zaɓa, ni faɗa kawai zan yi yadda ka ce. In bar su a kan cewa ladaninsu ya bi Nasara, ko kuwa in wanke ka tas, in gaya musu a wurin mashaya ka koyo yadda ake bege?